Wane Wincin Lantarki Ya Dace da Motarka ta Shiga Daji?

Ranar da na gane cewa lambar da ke jikin kwali ba ita ce ainihin ƙarfin winci ba, wato injin nan da ake ɗaurawa a gaban mota yana naɗe igiya don janyo ta idan ta kafe, motata na kafe ne a cikin taɓo, tayoyin gaba sun nutse har an daina ganinsu, ƙasan motar ya zauna daram a kan laka. Akwai wata bishiya kusa, ba ta fi taku goma ba, har na ji sanyi a raina. Na ɗaura mata bel, na maƙala ƙugiya, na danna rimot. Igiya ta miƙe tsam, motar ta ɗan girgiza kamar za ta taso, sai ƙarar wincin ta fara yin ƙasa-ƙasa, fitilun gaban direba suka dushe. Na ɗora tafin hannu a jikin moton wincin, ban iya barinsa a kai ba saboda zafi. Laba 12,000 aka rubuta a jikinsa, motar kuwa da duk kayanta ba ta wuce tan 3 ba. A lissafina na wancan lokaci, ya kamata ya fizgo ta kamar an zare gashi daga cikin man shanu.

Wincin bai yi ƙarya ba, ni ne ban san yadda ake karanta shi ba. Shi ya sa nake son duk mai niyyar saye ya fahimci inda ƙarfin yake fitowa da inda yake zurarewa, kafin ya fara kwatanta wannan kamfani da wancan.

A fara da nauyin motar. Ƙa'idar da masu ƙera winci suka daɗe suna bayarwa ita ce ka ɗauki cikakken nauyin da aka yarda motarka ta kai idan an yi mata lodi, ka ninka shi sau ɗaya da rabi. Ba nauyinta fanko ba. Wannan lamba tana jikin wani ɗan faranti ko takarda da ake liƙawa a ginshiƙin ƙofar direba, tana kuma cikin littafin motar. Idan motarka a-kori-kura ce irin su Toyota Hilux, wadda cikakken nauyinta ke kai-kawo wajen kilo 3,000, lissafin zai ba ka kilo 4,500. Yawancin winci da laba ake auna su, laba ɗaya kuwa ta ɗan gaza rabin kilo, gram 454 ce, don haka kilo 4,500 ya kama kusan laba 10,000. Ƙaramar mota irin Suzuki Jimny, mai cikakken nauyin kilo 1,435, laba 5,000 zuwa 6,000 ya ishe ta har da rara. Kuma ka yi wa kanka gaskiya: bambar ƙarfe, tayar safaya ta biyu, jarkokin mai da na ruwa, tanti a kan rufi, duk suna cikin abin da wincin zai ja.

Me ya sa ake ƙara rabin? Saboda motar da ta kafe ba ta gangarawa, jan ta ake yi tana turjiya. A kan busasshiyar ƙasa mai tauri, mutum biyu ma sa tura mota mai tan 3. Amma idan ta nutse a laka har gindin taya, ƙarfin da ake bukata yakan kai nauyinta gaba ɗaya, idan kuma lakar ta kai ga jikin motar yana iya ninkawa, don laka tsotsa take yi. Sai a ƙara hawa: tudu mai karkatar digiri 30 kaɗai yana ƙara rabin nauyin motar a kan igiya.

Yanzu ga abin da ya ci ni a ranar nan. Ƙarfin da aka rubuta a jikin winci na layin farko ne na igiya, wato lokacin da aka warware kusan dukkanta, ya rage layi ɗaya kwance a jikin ganga, wato abin da igiyar ke naɗuwa a kansa. Duk layin da ya hau kan wani, gangar ta ƙara kauri ke nan, ƙarfin ja kuma ya ragu, kamar yadda ɗaga bokitin ruwa ke ƙara wuya idan ka miƙe hannunka nesa da jiki. Ɗauki ganga mai kaurin milimita 64 da igiya mai milimita 9.5, wanda shi ne girman da aka fi samu. A layi na biyu ƙarfin yana komawa wajen kashi 80 cikin ɗari, a na uku wajen kashi 66, a na huɗu kuwa da kyar ya haura rabi. Ni da na yi murnar samun bishiya kusa, igiyar da na warware kaɗan ce, sauran tana jibge a kan ganga. Wincina mai laba 12,000 ya koma bai fi na laba 7,000 ba, a daidai lokacin da lakar ke neman abin da ya fi haka nesa ba kusa ba.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da kowa ke yi: laba 9,500 ko 12,000? Ra'ayina shi ne, ga motar da lissafinta ya tsaya wajen laba 9,000 zuwa 10,000, gara ka sayi mai 9,500 ko 10,000 na ƙwarai ka haɗa da fuli, wato 'yar ƙafar ƙarfe mai juyawa da ake zura igiya ta cikinta don ƙara ƙarfin ja, da ka sayi mai 13,000 wanda ba ka san abin da ke cikinsa ba. Sau da yawa bambancin da ke tsakanin ƙarami da babba a gida ɗaya ba moto ba ne, giya ce kawai aka ƙara wa ragi, misali daga 218 a kan 1 zuwa 265 a kan 1, wato yawan juyin da moto ke yi kafin ganga ta juya sau ɗaya. Babban ya fi ƙarfi amma ya fi nawa. Nawar nan ba laifi ba ce a kullum, don wincin da ke ja da rabin ƙarfinsa bai cika shan wuta da zafi kamar wanda ke aiki a ƙarshen iyawarsa ba. Idan motarka babba ce, ko kana yawan jan tirela, ko laka mai zurfi ce hanyarka ta yau da kullum, kada ka yi jayayya, ɗauki 12,000. Abin da nake hanawa shi ne sayen girma don girma. Winci da igiyar ƙarfe yakan kai kilo 35 zuwa 40, kuma a can gaban tayoyin gaba yake zama, inda nauyi ya fi cin sifirin da shokoba.

Moton shi ne zuciyar abin, kuma iri biyu ne. Akwai mai maganaɗisu na dindindin, akwai mai naɗin waya wanda masu sayarwa ke kira siris, irin tsarin da aka saba gani a tsofaffin kik na manyan motoci. Mai maganaɗisu ya fi sauƙi a hannu, ba ya zuƙar wuta sosai idan aikin ba mai nauyi ba ne, shi ya sa ya mamaye ƙananan winci na babura masu ƙafa huɗu. Rauninsa zafi ne. Idan ya yi zafi fiye da kima maganaɗisun yana raunana, kuma ba ya dawowa yadda yake. Mai naɗin waya ya fi cin wuta, amma shi ne ke jure doguwar wahala. Ga mota sosai da za ta shiga inda babu mai jan ta, ni ban ga dalilin zaɓar mai maganaɗisu ba. Kada kuma lambar ƙarfin doki ta ɗauke maka hankali. Wani kamfani zai rubuta 5.5, wani 6.6, kuma ba hanya ɗaya suke bi wajen awo ba. Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne jadawalin da kamfani mai mutunta kansa ke bugawa, mai nuna nauyi kaza, gudun igiya kaza a minti, wuta kaza. Wanda ya ɓoye wannan jadawali, ka bar masa kayansa.

A wannan jadawalin ne za ka ga abin da ke tsorata mutum. Winci mai laba 9,500 a kan volt 12, idan yana ja da dukkan ƙarfinsa, yakan zuƙi amfiya 400 ko fiye. Altanetar yawancin motoci kuwa tsakanin 80 ne da 150. Ma'ana batir ne ke biyan sauran, kuma cikin 'yan mintoci yake ƙarewa. Don haka sayen winci sayen batir ne. Kamfanin Warn mai ƙera winci yana ba da shawarar batir mai ƙarfin tayar da inji, wanda ake rubutawa CCA, na 650 a ƙalla. A bar inji a kunne yayin ja, a ɗan taka totur don altaneta ta yi caji sosai. Wayoyin wutan su zama masu kauri, na tagulla zalla, kuma wayar baƙa ta koma kai tsaye kan batir, ba a ɗaure ta a jikin bodi ba. Na sha ganin winci mai kyau ana zaginsa alhali kan batir ne ya yi tsatsa. Sannan a sa makunni mai yanke wuta gaba ɗaya kusa da batir. Wayar da ke ɗaukar amfiya 400 idan ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce.

Haka kuma babu wincin lantarki da aka yi don ya yi ta ja ba tsayawa. Ana ja ne kaɗan, a huta, a sake ja. A ƙarƙashin cikakken nauyi igiyar ba ta wuce tafiyar mita 2 a minti, ka ga ke nan jan mita 20 aiki ne na haƙuri. Wanda aikinsa jan motoci ne daga safe zuwa yamma, wincin da ke aiki da matsin mai ko wanda ke karɓar ƙarfi daga giyar mota shi ya dace da shi, sai dai waɗannan ba sa motsi idan inji ya mutu. Na lantarki ko inji ya mutu a tsakiyar ruwa zai ba ka ɗan abin da ke cikin batir, kuma wani lokaci ɗan wannan shi ne ke fitar da kai.

Batun giya ba ya bukatar dogon zance, don kusan duk abin da za ka samu a yau mai giyar filanetari ne, wato ƙananan giyoyi masu zagaya guda ta tsakiya, mai hawa uku, ƙarami, mara nauyi, mai matsakaicin gudu. Akwai mai giya irin ta zaren noti, wanda ke da nawa ƙwarai amma yana riƙe kaya da kansa ba ya sulluɓewa, an fi ganinsa a motocin aiki. Akwai kuma mai giya miƙaƙƙiya, wanda shahararrensa shi ne Warn 8274 da ya fito a 1974, dogo a tsaye, mai saurin gaske, har yau masu gasar shiga laka suna nemansa. Sai dai tsayinsa ba ya shiga yawancin bambobin zamani.

Inda filanetari ke da abin lura shi ne birki. A da yawa daga cikinsu birkin yana cikin gangar ne. Idan kana sakin igiya da moto alhali akwai nauyi a kanta, kamar lokacin da kake sauko da mota daga gangare a hankali, birkin yana gogawa, gangar ta ɗauki zafi. Ga igiyar ƙarfe wannan ba komai ba ne. Ga igiyar zare kuwa babbar magana ce, shi ya sa wasu kamfanoni suka mayar da birkin wajen ganga. Ka tambayi inda birki yake kafin ka yanke shawarar igiya.

A nan ne gardama ta fi zafi, ƙarfe ko zare. Igiyar zaren da ake magana ba nailan ba ce, wani nau'in roba ne mai tsananin ƙarfi da aka fi sani da sunayen Dyneema da Spectra. A kauri ɗaya tana kai ƙarfin ta ƙarfe ko ta fi, nauyinta kuwa wajen kashi ɗaya cikin bakwai ne. Tana yawo a kan ruwa. Ba ta da 'yan silillan nan da ke tsinkewa su tsaya kamar ƙaya su huda safar hannu su shiga nama. Idan ta tsinke a daji, wanda ya iya saƙa ta zai haɗa ta cikin 'yan mintoci ya ci gaba da aiki. Babban abin da ya sa na koma gare ta shi ne ranar tsinkewa. Igiyar ƙarfe idan ta tsinke tana dawowa da nauyinta kamar bulala, tana iya fasa gilashi, tana iya kashe mutum. Ta zare ma tana fizgowa, kada wani ya ce maka faɗuwa kawai take yi, musamman idan da ƙugiya a bakinta, amma rashin nauyinta ya rage haɗarin sosai.

Sai dai zare yana da abokan gaba uku: zafi, kaifi da yashi. Tun wajen digiri 70 yake fara rauni, yana narkewa kuma wajen 150. Gefen dutse mai kaifi yana yanka shi idan yana miƙe. Yashi da laka suna shiga tsakanin silillansa su riƙa cinsa daga ciki ba ka gani, don haka sai an riƙa warware shi ana wankewa da ruwa. Rana ma tana gajiyar da shi idan ba a rufe ba. Igiyar ƙarfe ba ruwanta da yawancin wannan. A ja ta a kan dutse, a ja gungume da ita, ta kwana a rana shekara da shekaru, abin da take so kawai kada ta lanƙwashe ta yi gwiwa, kada kuma ta yi tsatsa. Wanda zai riƙa jan itace, ko aikinsa a cikin duwatsu masu kaifi ne, ko kuma ya san ba zai kula da wanki ba, ƙarfe ya fi masa. Wanda ke tafiya da iyali ko abokai, mutane na tsaye kusa lokacin da ake ja, kuma shi zai riƙa hawa tudu da igiya a kafaɗa, zare nake ba shi shawara ba tare da ɗar ba. Kowace da bakin da take bi: ƙarfe da baki mai rola huɗu, zare da baki sumul na alminiyom. Kada a zura sabon zare ta tsohuwar rolar da igiyar ƙarfe ta riga ta kakkarce. Kuma komai tsananin bukata, a bar zagaye 5 a kan ganga idan ƙarfe ne, 10 idan zare ne, don ɗan ƙusan da ke riƙe wutsiyar igiya ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba.

Ruwa yana kashe winci fiye da yadda aiki ke kashe shi. Yawancin winci sukan yi wata da watanni ba a taɓa su ba, suna gaban mota suna shan ruwan sama da feshin laka, sai ranar bukata a danna a ji ƙas ƙas kawai. Duba alamar IP. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga kuma yana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. IP68 ya wuce haka, gwargwadon abin da mai ƙerawa ya ƙayyade. Ka tabbatar alamar ta haɗa da akwatin wuta, ba moto kaɗai ba. A cikin akwatin nan ne makunnan da ke kai wa moto wuta suke: tsofaffin winci suna amfani da solanoyid guda huɗu ko biyu, sababbi kuma da kontakta guda a rufe ruf. Kontakta ta fi. Solanoyid idan ya sha ruwa yana iya ƙin kamawa, ko abin da ya fi muni, ya manne winci ya ƙi tsayawa. A wannan lokacin ne makunnin yanke wutar nan ke biyan kuɗinsa.

Rimot mara waya abin so ne, yana ba ka damar tsayawa nesa inda kake ganin komai. Amma ka tabbatar akwai mai waya a matsayin madadi, don batirin ɗan rimot yakan mutu, wasu kuma suna ɗan jinkiri tsakanin sakin maɓalli da tsayawar ganga.

Wurin ɗaurawa shi ne abin da mutane ke tunawa bayan sun riga sun biya. Yawancin winci daga laba 8,000 zuwa 12,000 ramukan notinsu iri ɗaya ne, inci 10 da inci 4.5, wato milimita 254 da 114. Amma dacewar ramuka ba ta nufin jikin zai shiga. Auna tsawo da tsayi da zurfin gurbin bambarka, ka duba ko hannunka zai kai ga kulocin da ke sakin ganga, ko kuma akwatin wuta zai bukaci a cire shi a kai wani wuri. Farantin dole ya kama shasi kai tsaye. A motar da ke da jakar iska ta kariya, bambar ta zama wadda aka ƙera don wannan motar, saboda kada ta rikita na'urar da ke jin karo. Winci kuma yana tare iskar da ke zuwa lagireto, abin lura ne ga motar da dama tana yawan zafi.

Maganar kamfani fa? Warn na Amurka, wanda ya faro a 1948 da ƙera makullan cibiyar taya na motocin Jeep kafin ya shiga harkar winci, shi ne sunan da aka fi sani. Akwai Ramsey da Superwinch, akwai ComeUp na Taiwan, akwai kuma tarin masu sauƙin kuɗi da ake ƙerawa a Sin, wasu na ƙwarai, wasu ba a cewa komai. Ni tambaya ɗaya nake yi: idan moto ya ƙone ko kontakta ta mutu bayan shekara uku, zan sami na canji? Wanda ke fita sau biyu a shekara tare da wasu motoci, matsakaici ya ishe shi, muddin moton mai naɗin waya ne kuma a rufe yake daga ruwa. Wanda ke tafiya shi kaɗai inda babu sabis na waya, a nan kam arha ba ta ado.

Ka ware wani abu daga kuɗin don kayan da ke tafiya da shi, domin winci shi kaɗai rabin aiki ne. Bel mai faɗi na zagaya bishiya, saboda igiya tana yanka ɓawonta ta kashe ta, ita ma igiyar ta lalace. Mari biyu, wato zobban da ake haɗa igiya da bel da su, masu rubutaccen ƙarfi a jiki. Safar hannu ta fata. Bargo mai nauyi da ake yafa wa tsakiyar igiya don ya danne ta idan ta tsinke. Kada a taɓa maƙala igiya a kan ƙwallon jan tirela, yana ɓallewa ya taho kamar harsashi. Sai fuli, wanda a wurina shi ne sarkinsu. Ka zura igiya ta cikinsa a gindin bishiya ka dawo da ƙugiya jikin motarka, ƙarfin ja ya kusa ninkawa, gudu ya ragu da rabi, moto ya sami sauƙi, ga kuma igiyar da ka warware ta ninka, wato ka sauko kusa da layin farko. Da shi na fita a ranar nan. Wani direba da ya iso daga baya ya miƙo mini nasa, muka haƙa lakar gaban tayoyi da shebur, muka bar moton ya huce, injin mota na caji. Da na sake dannawa, wincin da ya gaza ɗazu ya riƙa ja da wata murya daban, a natse, motar ta taso a hankali laka na zuba daga cikinta.

Idan ka ɗaura sabo, kada ka jira ranar kafewa kafin ka fara taɓa shi. Nemi fili mai ɗan hawa, ka warware igiyar har zuwa zagayen ƙarshe da aka yarda, ka ɗaure ta a wani abu mai ƙarfi, ka naɗe ta tana jan motar da nauyin da ya kai wajen kilo 450, layi na bin layi a matse. Igiyar da aka naɗe sako-sako, ranar da aka ja da ƙarfi na sama yana nutsewa cikin na ƙasa ya cije. Bayan haka, duk wata ka warware 'yan mitoci ka sake naɗewa, ɗumin moton ya kori danshin da ya taru a ciki, man giya kuma ya zagaya.